Direban da Ba Ya Sha: Tarihin Gonakin Inabi na Cape

Duk baƙon da ya zauna Cape Town na 'yan watanni, karatu ya kai shi ko aiki, ya san tambayar da ke yawo a waya tun ranar Alhamis: wa ke da mota ranar Asabar? Ba a cika faɗin inda za a je ba, don an sani. Stellenbosch ce, mai nisan kilomita kamar 50 daga birni, ko Franschhoek da ke gaba da ita cikin kwari, ko Paarl. A haɗa kuɗin mai, a tashi da hantsi, a bi gona uku ko huɗu ana ɗanɗana giyar inabi, a ci abincin rana ƙarƙashin inuwa, a dawo kafin dare ya yi nisa. Mai hali ya kama ɗaki ya kwana. Fararen gidajen manoman, da shekarun da aka rubuta a goshinsu irin su 1791 da 1812, suna sa mutum ya ɗauka cewa tun kaka da kakanni ake wannan yawo. Gaskiyar ita ce Najeriya ta girmi al'adar da shekara goma sha ɗaya. A 1971 aka fara ta.

Inabin kansa ya daɗe. Kamfanin Holan mai fataucin Gabashin Indiya, wanda ake kira VOC, ya aiko Jan van Riebeeck a 1652 ya kafa zango a ƙarshen Afirka, inda jiragen ruwa za su tsaya su ɗauki ruwa da nama da ganye kafin su ci gaba. Ma'aikatan jirgi na mutuwa a hanya da cutar da ke ruɓar da dasashi, kuma a lokacin an yi imani cewa giyar inabi na maganinta, ga shi ba ta lalacewa a ganga kamar ruwa. Dashen farko ya iso a 1655. Ranar 2 ga Fabrairu 1659 Van Riebeeck ya rubuta a kundinsa cewa an matse inabin Cape karo na farko. Wannan ranar kusan kowane mai yi wa baƙi jagora a gonakin ya haddace ta. Ranar da ba su cika faɗa ba tana shekarar da ta gabata. A watan Maris 1658 jirgin Amersfoort ya sauke bayi 174, yawancinsu yara 'yan Angola da aka ƙwace daga wani jirgin Fotugal. A watan Mayu jirgin Hasselt ya kawo wasu 228 daga gaɓar Popo, a ƙasar da muke kira Benin yau. Van Riebeeck ya buɗe wa yaran makaranta don su koyi yaren Holan da addu'o'in Kirista, ya kuma ba da umarni a riƙa ba kowa ɗan kofin barasa da guntun taba don ya mai da hankali. A riƙe wannan kofin, zai sake fitowa.

Wanda ya mai da inabi sana'a shi ne Simon van der Stel. Ya zo a 1679, a shekarar nan ya ga kwarin kogin Eerste ya sa masa sunansa, Stellenbosch, ya sa aka dasa itatuwan inuwa na Turai waɗanda jikokinsu ke rufe titin Dorp har yanzu. A 1685 ya yanka wa kansa katafariyar gona a bayan Dutsen Tebur, ya kira ta Constantia. Kakarsa ta wajen uwa 'yantacciyar baiwa ce daga Indiya, abin da littattafan makaranta na zamanin wariyar launin fata suka yi ta tsallakewa. Bayan mutuwarsa a 1712 aka raba gonar, kaso ɗaya ya faɗa hannun wani soja ɗan Suwidin, Olof Bergh, daga shi kuma ya koma ga matarsa Anna de Koningh, ɗiyar wata baiwa 'yar Bengal. Ita ma da ta samu, da bayi ta noma. Tarihin wurin ba ya rabuwa gida biyu cikin sauƙi, fari can baƙi nan, duk da cewa an san wanda ya fi shan wuya.

Sai Faransawa. A 1685 Sarki Louis na 14 ya soke dokar da ta ba 'yan Furotesta damar yin addininsu, dubbai suka tsere zuwa Holan, kamfanin ya ɗebi ƙasa da ɗari biyu ya kai su Cape daga 1688. An ba su filaye a wani kwari da giwaye ke zuwa haihuwa, shi ne Franschhoek. Sunayen gonakin, La Motte da La Provence da Cabrière, daga garuruwansu ne, kuma De Villiers da Du Toit da Joubert da Le Roux duk zuriyarsu ce. Amma kamfanin bai bar su su zauna a matsayin Faransawa ba. An cakuɗa su da manoman Holan, aka matsa a yi wa'azi da karatu da yaren Holan, kafin jikoki su girma Faransanci ya mutu a kwarin. Kowane watan Yuli garin na cika da tuta ja da fari da shuɗi ana bikin ranar Bastille, abin da ya faru a Faransa a 1789, shekara ɗari bayan mutanen da ake tunawa sun bar ƙasar da gudu. Kasuwa ce, kuma tana ci.

Ni ba na sha. A rukuninmu akwai 'yar Zimbabuwe da ɗan Kenya da wani Bajamushe da muke ofis ɗaya, kuma tun fitarmu ta farko aka ɗora mini makullin mota ba tare da an yi shawara ba. Na san abin da malamai suka ce game da zama a teburin da ake zuba giya, ban zo nan in yi fatawa ba, kuma akwai Musulmin Cape da yawa da ko ƙofar waɗannan gonaki ba sa takawa. Abin da nake yi shi ne in sauke su a ɗakin ɗanɗano, in sayi kofi ko ruwan inabi marar maye, in zaga bayan gida. A bayan gida ne ake ganin dogon ginin da babu taga sosai, wanda yanzu aka mai da shi kantin sayar da zuma da man zaitun, da kuma ginshiƙai biyu farare masu ƙararrawa a tsakani. Amare na son ɗaukar hoto a ƙarƙashinta. Da ita ake tada bayi da asuba.

Daga baya na karanta Robert Shell, masanin tarihin bauta a Cape, na gane cewa aikin da abokaina suka ba ni tsohon aiki ne. Shell ya ƙiyasta cewa an shigo da bayi kimanin 63,000 tsakanin 1652 da 1808, daga Indiya da tsibiran Indunusiya da Madagaska da Mozambik. Ya kuma nuna cewa manoman inabi sun fi son Musulmi a matsayin masu kula da ma'aikata da masu tuƙa keken shanu. Dalilin a fili yake. Ganga cike da giya za ta bi hanyar yashi daga Stellenbosch ko Paarl zuwa tashar jirgi, tafiyar da ke cin kwanaki da bijimai, babu mai gida a kusa. Wa za ka danƙa wa? Wanda ba zai huda gangar a hanya ba. Haka masu ƙera gangar da magina da masu yi wa goshin gidajen ado da farar ƙasa, da yawansu Musulmi ne, bayi ko 'yantattu.

Akwai dalili na biyu da ya fi wannan muni. A 1770 hukumar kamfanin da ke Batavia ta hana sayar da bawan da aka yi wa baftisma. Manomi ya duba ya ga cewa in bawansa ya zama Kirista, dukiyarsa ta daina zama abin sayarwa. Sai aka daina matsa wa bayi su shiga coci, aka kau da kai in sun bi liman. An soke dokar a 1812, amma kafin nan aikin gama ya gama. Limamai sun ɗaura wa bayi auren da doka ba ta yarda da shi ba, sun yi wa gawarsu wanka da salla, sun koya wa 'ya'yansu karatu. Tuan Guru, ɗan sarauta daga Tidore wanda aka tsare a tsibirin Robben daga 1780, ya rubuta Alƙur'ani da ka a kurkuku, da ya fito ya buɗe makaranta, aka kafa masallacin Auwal a 1794. Zuwa shekarun 1840 kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen Cape Town Musulmi ne. Jikokin waɗannan almajirai ne suka rubuta yaren Afrikaans da baƙaƙen Larabci, kamar yadda namu suka yi da ajami, har Abubakar Effendi ya wallafa littafin fiƙihu da shi a Istanbul a 1877.

Wanda ke son ya ga inda abubuwan biyu suka haɗu, ya je Klein Constantia. A gefen gonar, kusa da rafi, akwai hubbaren Shehu Abdurrahman Matebe Shah. Kamar yadda Musulmin Cape suka riƙe tarihin, shi da Sayyid Mahmud an kamo su daga yammacin Sumatra, aka kawo su cikin sarƙa a 1668, aka tura su dajin kamfani a wannan kwari. Ke nan sun riga Van der Stel da inabinsa zuwa wurin da shekara goma sha bakwai. Ta ɗaya ɓangaren kuma, inda kogin Eerste ke shiga teku, akwai hubbaren Shehu Yusuf na Makassar, malamin da ya yaƙi Holan a Banten. An kawo shi a 1694 da jama'arsa 49, aka ajiye shi a gonar Zandvliet nesa da birni don kada ya haɗu da bayi, su kuwa suka riƙa guduwa suna zuwa wurinsa. Ya rasu a 1699. Unguwar na amsa sunan Macassar har yau, kuma kwanarta na kan babbar hanyar N2, kusa da inda ake ratsewa zuwa Stellenbosch. Motocin ƙarshen mako na wucewa ta gabanta ba sa rage gudu.

Ba duk giyar Cape ce ta yi suna ba. Yawancinta ƙarama ce, ta matuƙan jirgi da gidajen shaye-shaye na bakin tasha. Constantia ce ta fita daban, musamman bayan Hendrik Cloete ya saye ta a 1778. Giya ce mai zaƙi daga inabin da ake bari ya yanƙwane a jikin reshe, aikin da ke son hannaye da yawa, har akwai bayin da aikinsu shi ne korar ƙwari da tsuntsaye daga 'ya'yan. Sarakunan Turai sun saye ta, Jane Austen ta ambace ta a littafinta na 1811, an kuma riƙa kai wa Napoleon ita a tsibirin St Helena har mutuwarsa a 1821. Da Ingila ta karɓe Cape, ta rage wa giyar harajin shiga kasuwarta a 1813, manoma suka ci bashi suka ƙara dashe, farashin bawa ya tashi. Shekarun da gidajen suka fi kyau su ne shekarun da aikin ya fi tsanani.

An soke bauta ranar 1 ga Disamba 1834, aka tilasta wa 'yantattun su ci gaba da yi wa iyayengijinsu aiki har 1838 da sunan koyon sana'a. Diyya ta tafi ga masu bayin, ba ga bayin ba. Su ba a ba su ko taƙi ɗaya na ƙasa ba. Wasu sun taru a tashoshin mishan, irin Pniël da aka kafa a 1843, ƙauyen da ake ratsawa bayan an gangaro daga mashigar Helshoogte. Sauran sun koma gonakin da suka baro, don ciki ba ya jira. A nan kofin Van Riebeeck ya dawo da ƙarfinsa, da sunan dop. Manomi ba shi da tsabar kuɗi amma yana da giyar da ta ƙi sayuwa, sai ya riƙa biyan wani ɓangare na lada da ita: gwangwani da asuba, gwangwani da hantsi, da rana, da la'asar, da kwalba a tafi da ita gida da yamma. Wanda ya saba ba ya iya barin gonar, ɗansa ma a nan zai tashi ya fara karɓar nasa tun yana saurayi. Doka ta hana biyan lada da giya a farkon shekarun 1960, amma ta bar ƙofar ba da ita kyauta, kuma ma'aikatan lafiya sun ci gaba da samun dop a wasu gonakin Stellenbosch har cikin shekarun 1990. Binciken da aka yi a garin Wellington a ƙarshen waɗannan shekaru ya gano cewa yawan yaran da giya ta lahanta tun suna ciki na daga cikin mafi yawa da aka taɓa gani a duniya. A ganina wannan shi ne babban gadon sana'ar, ya fi goshin kowane gida girma.

Tsakanin nan an sha faɗuwa da tashi, zan bi su a gurguje. A 1860 Ingila ta sasanta da Faransa ta fuskar ciniki, gatan haraji ya ƙare, kasuwar Cape ta rushe. A 1886 ƙwaron filoksera mai cin saiwa ya shigo, aka tumɓuke miliyoyin itatuwa, sai da aka dasa sababbi a kan saiwar inabin Amurka. Cecil Rhodes ya sayi gonakin da suka karye a kwarin Drakenstein, har da Boschendal, ya mai da su na 'ya'yan itace. A 1918 manoma suka kafa ƙungiyar KWV, wadda gwamnati ta ba ikon yanke farashi, daga baya har da ƙayyade yawan abin da kowa zai noma, rarar kuma a dafa ta zama barasa mai ƙarfi. A 1925 Abraham Perold na Jami'ar Stellenbosch ya haɗa iri biyu ya fitar da Pinotage, wanda Bajamushen namu ke cewa yana warin tayar mota, 'yar Zimbabuwe kuma ta rantse babu kamarsa. Ni dai na bar musu.

A ƙarƙashin wannan tsari manomi mai kai kaya ne kawai. Ya noma, ya kai wa ƙungiya ko babban kamfani, a zuba nasa cikin na kowa. Ba wanda ke tuƙa mota zuwa gona don ya sha. A 1969 Frans Malan na gonar Simonsig da Niel Joubert na Spier suka je Faransa, suka ga allunan hanyar giya a yankin Burgundy suna jan matafiya zuwa ƙofar manoma. Da suka dawo suka jawo Spatz Sperling na Delheim, Bajamushe ne da ya zo ƙasar bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Sun sha fama da hukumar lasisi da ta hanyoyi, wadda ba ta son alluna a bakin titi, kafin a buɗe Hanyar Giya ta Stellenbosch a 1971 da gonaki 'yan ƙalilan. Abin da suke so shi ne su sayar da kwalba mai sunansu ga mai saye kai tsaye. Abincin rana da bargon shimfiɗa a ciyawa da ɗakunan kwana duk daga baya suka biyo, don in mutum ya zauna ya fi saye.

Sai dai a tuna wanda aka buɗe wa hanyar. Shekara bakwai kafin nan, a 1964, gwamnati ta ayyana unguwar Die Vlakte da ke tsakiyar Stellenbosch ta fararen fata zalla. An kwashe mutane kimanin 3,700 zuwa bayan gari, jami'a ta gina wasu gine-ginenta a filin. Masallacin unguwar, wanda ke nan tun ƙarshen ƙarni na 19, ya tsira, kuma a nan nake yin azahar in mun biyo ta garin. Limamai da masu salla na zuwa daga unguwannin da aka mayar da su, don babu sauran gidajensu a kewaye. Haka aka yi wa iyalan da ke noman furanni da kayan lambu a Constantia. Mutum irina a 1971 ba zai zauna a teburin ba ko da yana sha. Kurkukun da a da ake kira Victor Verster, inda Nelson Mandela ya fito ranar 11 ga Fabrairu 1990, yana tsakiyar gonakin nan ne, a hanyar Paarl zuwa Franschhoek. Da wariyar launin fata ta zo ƙarshe, takunkumin cinikin da ƙasashen waje suka sa wa ƙasar ya tashi, bayan 1994 kasuwar waje ta buɗe, baƙi suka cika kwarin, ɗalibai 'yan Afirka irinmu suka shiga layi.

Ba na cewa kowace gona a yau gidan zalunci ce. Akwai waɗanda suka ba ma'aikata hannun jari, akwai baƙaƙen fata mata da maza da suka zama ƙwararrun masu haɗa giya, wasu gonakin sun buɗe ɗakin tarihi da sunayen bayin da suka zauna a wurin, an kwafo su daga takardun gado inda aka jera su tare da shanu da tukwane. Amma ƙasar, mafi yawanta, tana hannun da take. Gidajen ma'aikata da yawa an gyara su sun zama ɗakunan kwanan baƙi, mazaunansu sun koma Kayamandi da Mbekweni, ana ɗebo su a bayan babbar mota lokacin tsinkar inabi, daga Janairu zuwa Maris.

A 2012 aka fara jirgin yawon giya na Franschhoek, ƙaramin tarago mai buɗaɗɗen gefe da ke bin layin dogon da aka shimfiɗa a 1904 don kai kayan manoma kasuwa. Ya rage mini aiki, don duk ranar da suka hau shi ba a neman direba sai da yamma. A watan Nuwamba na wannan shekarar ma'aikatan gonakin De Doorns, a kwarin kogin Hex inda ake noman inabin ci, suka tare hanyar N1, aka ƙona wasu gonaki, yajin ya bazu zuwa garuruwan da ke kewaye, aka rasa rayuka. Ladan yini a lokacin rand 69 ne. Sun nemi 150. A watan Maris 2013 gwamnati ta mai da shi 105.